Shafin Da Ba A Kwance Ba

Ranar da ta fara shigowa, saurayin da ake kira Shiru yana wanke rolar injin buga takarda da kananzir.

Shagon ɗaki ɗaya ne a ƙarƙashin bene, sai an sauka matakala ake kai wa ga ƙofarsa. Tagarsa ɗaya, can sama daf da rufi, ba a ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. Shiru ya san mutanen layin ta takalmansu. Waɗannan kam bai san su ba. Baƙaƙe ne, da farin alli a bakinsu. Suka tsaya, suka yi kamar za su wuce, sannan suka sauko.

Ta yi sallama. "Nan ne ake buga takarda da hannu?"

"Nan ne, 'yata," in ji Kawu daga kan kujerarsa. "Shigo, amma kada ki jingina da komai. Komai a nan yana shafa."

Kawu ƙanen mahaifiyar Shiru ne, shi ya riƙe shi tun yana ƙarami. Rayuwarsa duka ya yi ta yana bin maɗaba'un da suka rufe yana kwashe tsofaffin haruffan dalma da ake shirin narkarwa. Yanzu kowa da kwamfuta yake bugu, amma akwai masu son takardar da in ka shafa za ka ji harafi ya nutse a cikinta. Masu zane da marubuta, su ke saukowa ramin nan, su shafa, su ɗauki hoto, su ba da aiki.

Shekarar da Shiru ya gama sakandare idon Kawu ya fara hazo. Abokansa suka watse, wasu makaranta, wasu nema. Shi ya zama idon Kawu. Ba wanda ya ɗaure shi. Ba kuma wanda ya taɓa ce masa ya tafi.

Ita malamar firamare ce. Waƙoƙi ta rubuta, tana son a mayar mata da su ɗan littafi. Kawu ya sa Shiru ya jajjawo durowoyin haruffa ta zaɓa. Ta wuce manya masu ƙiba, ta wuce masu lanƙwasa, ta durƙusa ta nuna na can ƙasa, wasu sirara da suka fi kowanne tsufa.

Kawu ya yi dariya. "Kin zaɓi wahala, Malama. Waɗannan ba su da yawa, shafi ɗaya kawai suke isa. Sai a jera, ki zo ki duba gwaji, a buga, a kwance, a mayar da kowane harafi gidansa, sannan a kama na gaba. Kowane mako sai kin sauko mana."

"Zan sauko." Ta dubi Shiru, wanda bai ɗago ba. "Shi wannan ba ya magana ne?"

"Yana yi. Adana ta yake yi."

Shiru ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya ci gaba da goge rolar da ta riga ta fita tas.

Haka aka fara. Tana tashi daga makaranta sai ta sauko, ta ajiye jakarta a inda ba tawada, ta karɓi gwaji. Ba ta taɓa barin shafi ya wuce lafiya ba. Wannan layin a matsar, wancan a ba shi iska. Kawu ya raɗa mata Malama Gyara, sunan ya bi ta.

Wata rana ta tsaya a kan Shiru yana jera haruffa a ɗan ƙarfen da ke hannunsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Duk a juye suke. Yaya kake karantawa?"

"Sabo."

"Koya mini."

Ya matsa mata. Ya nuna mata inda ake farawa, da ɗan tsagin da ke jikin kowane harafi wanda yatsa ke ji. Ta daɗe tana ƙyafta ido, can ta karanta kalma ɗaya, ta yi tsalle kamar ɗalibarta. Shiru ya yi murmushi bai sani ba.

"Ashe kana da haƙora," in ji ta.

Da yamma saƙonta ya shigo wayarsa.

"Malam Shiru, tawadarku ta ƙi fita a yatsana. Wa zan kai ƙara?"

Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. "Ki sa mai kafin sabulu."

"Shi ke nan? Ba ko sannu?"

"Sannu, 'Yar Gyara."

"Yauwa. A waya ka fi baki."

Tun daga nan hannunsa ya yi nauyi. Shafin da zai jera kafin azahar sai ya kai shi gobe. Ya kan bar ƙaramin kuskure da gangan, don ta gani, ta ɗaure fuska, ta ƙara zama. Kawu ba ya gani, amma yana jin ƙarar haruffa, ya san saurin yaronsa. Ya ƙyale shi.

Littafi dai komai jansa yana ƙarewa. Ranar da ta kawo shafin ƙarshe, ba ta miƙa wa Kawu ba, Shiru ta miƙa wa.

"Wannan sabuwa ce. Ba ta cikin na farko."

Gajeriyar waƙa ce. Layinta na ƙarshe cewa yake: Akwai wanda nake ji ko bai ce komai ba.

Shiru ya jera layin nan. Ya ce wa kansa waƙa ce kawai, masu waƙa haka suke. Me zai ce mata? Ta zo ta zauna da shi a rami? Ko ya fito ya bar tsoho yana lalube? Aka buga, aka ɗinke, ta karɓi littattafanta. A bakin ƙofa ta ɗan jira.

"To, Malam Shiru."

"To, Malama."

Ya bi takalmanta da ido ta taga har suka ɓace.

Doka ce a shagon, shafi in an gama bugunsa a kwance shi a ranar. Shiru ya wanke shafin, ya kama bakin zaren da ya ɗaure shi, ya tsaya. Sai ya ɗauki tiren da shafin ke kai gaba ɗaya ya tura ƙarƙashin tebur, ya rufe da tsumma.

Makonni suka wuce. Saƙonninta suka ragu, domin amsoshinsa ba su wuce kalma biyu. Ɗakin ya ƙara matsewa. Warin kananzir da ya saba da shi ya fara shaƙe shi.

Sai ga wasu takalma masu sheƙi sun sauko. Saurayi ne mai fara'a, injiniya, ya gaida Kawu da ladabi. Littafinta ne a hannunsa.

"Baba, irin wannan rubutun nake so a katin aure. Mahaifinta aminin mahaifina ne, sun kusa tsayar da magana. So nake in ba ta mamaki, na san tana son aikinku."

Ya ajiye takarda. Sunansa, da nata a ƙasa.

Da ya fita Kawu ya ce, "Jawo ta ƙasan."

Shiru ya jawo durowar. Kawu ya sa yatsu yana bin gidajen haruffa, ya bi wannan, ya bi wancan. Kusan duk wayam.

"Ina suke?"

Shiru ya sunkuya ya fito da tiren. Kawu ya ɗage tsumman, ya shafa shafin a hankali daga sama har ƙasa. A layin ƙarshe yatsansa ya daɗe.

"Ka san doka."

"Na sani."

"Katin mutum ba zai jeru ba sai an kwance wannan."

"Na sani, Kawu."

"To kwance."

Shiru ya kalli zaren. "Ba zan iya ba."

"Ka faɗa mata?"

"A'a."

"Ka faɗa wa dalma, ka ƙi faɗa wa mutum." Kawu ya mayar da tsumman. "Ni ba na buga katin da amarya ba ta gani ba. Kira ta."

Shiru ya tura mata saƙo: "Malama, akwai aikin da za ki duba."

Amsa ta zo nan take: "Na ɗauka ka manta lambata. Ga ni nan."

Ta sauko da murmushinta. Ya miƙa mata takardar injiniya ba tare da ya kalle ta ba. Ta karanta, murmushin ya tafi.

"Ya kawo wannan nan?"

"E. Allah ya sanya alheri."

"Kuma ka karɓa."

"Aiki ne."

"Aiki ne." Ta ninke takardar. "Ni ban ce wa kowa e ba. Abba ne ke so, na ce masa ya ba ni lokaci. Ashe lokacin banza nake nema. Ka jera masa, ka yi masa kyau, kada ka bar kuskure irin wanda kake bar mini."

Ta ɗauki jakarta. Shiru yana tsaye, maganar ta cika masa baki ta ƙi fita.

"Malama Gyara," in ji Kawu, "akwai saura. Ɗage tsumman can."

Ta ɗage. Ta sunkuya a kan haruffan da ke juye, leɓenta na motsi. Ba ta buƙaci kowa ya karanta mata ba.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar."

"Me ya sa?"

"In na kwance, kin tafi ke nan."

Ta zauna a kan benci, ba ta ko duba ko yana shafa ba. Idonta ya kawo ruwa, tana dariya.

"Kai dai Allah ya shirye ka. Da baki za ka faɗa, ina jira."

Kawu ya miƙe yana lalubar sandarsa. "Bari in sha iska a matakala. Kunnena ma ya fara tsufa."

Shiru ya faɗa. Kalma uku ce, amma ta fito.

Ita da kanta ta samu injiniya ta gaya masa gaskiya. Ya ce ya gode da ba ta ja shi ba, ya janye. Gida ne abin ya yi tsauri. Mahaifiyarta nas ce, da ta ji kalmar dalma sai ta dafe kai, ta ce guba ce mai shiga jini a hankali. Mahaifinta ya ce a kira masa yaron.

Shiru ya zauna a ƙasa a falon, ya ɓoye faratansa a cikin tafinsa. Abba ya daɗe yana kallonsa.

"Ban ji mugun abu a kanka ba. Amma ba zan kai 'yata rami ba. Akwai abokina mai kamfanin bugu na zamani, na yi masa magana, zai ɗauke ka. Ka fito daga wurin can, in ba ka ita. Ka ƙi, kowa ya kama gabansa."

Shiru ya fito. Shekaru yana mafarkin wani ya buɗe masa ƙofa. Ga ƙofa an buɗe, ga ita a bayanta. Sai dai in ya bi, wa zai gaya wa Kawu tawada ta yi yawa? Wa zai ja hannunsa daga bakin inji?

Saƙonta ya same shi a hanya.

"Shiruna, me ya ce?"

"Ya ce in zaɓa."

"Ni ban ce ka zaɓa ba."

"Na sani, 'Yar Gyara. Amma shi ne Abba."

Kawu ya tambaye shi, shi kuma bai iya ƙarya ba. Tsohon ya saurara har ƙarshe.

"Ka je. Na iya aikina tun ba a haife ka ba."

"Kawu, idonka."

"Idona nawa ne. Ban riƙe ka don ka tsufa kana rungumar tire ba."

Washegari da Shiru ya tashi, Kawu ya riga shi fita. Yana kan matakalar shago ya ji ƙarar, kamar an zazzage buhun tsakuwa a kan siminti.

Kawu yana tsaye a tsakiyar ɗaki, durowa a kife a gabansa. So ya yi ya nuna zai iya shi kaɗai. Ya jawo babbar durowa, ta wuce iyakarta, ta suɓuce, ta ja ta kusa da ita. Haruffa ko'ina, ƙarƙashin inji, bayan ƙofa, manya da ƙanana a gauraye. Dalma kuwa taushi gare ta, wanda aka taka ya tafi, kuma ba inda ake ƙera irinsu yanzu.

"Kada ka ce komai," in ji Kawu.

Shiru ya cire takalmi. Ya share hanya da tafin hannu, ya kai tsohon kujera. Sannan ya durƙusa ya fara tsinta.

Da ta tashi daga makaranta ta zo, ta ga abin da ya faru, ta tuɓe takalmanta ta durƙusa kusa da shi. Shi yana duba harafi, ita tana kai shi gidansa. Ba su san rana ta yi sanyi ba. Wayarta tana cikin jaka tana ta ruri.

Abba bai yi sallama mai tsawo ba. Ya sauko da saurinsa, ya turo ƙofa, ya shigo har tsakiya kafin wani ya buɗe baki. Wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin takalminsa.

"Bawan Allah, tsaya nan," in ji Kawu. "Kada ka ƙara ko taku ɗaya."

Abba ya duba ƙasa. Gabansa haruffa, bayansa haruffa, dama da hagu. Ƙafa ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ba halin ci gaba, ba halin komawa.

"Ke, tashi mu tafi."

"Abba, in na tashi zan taka."

"To a fitar da ni."

Shiru ya rarrafo ya durƙusa a gabansa, ya fara tsince haruffan da ke kewaye da takalman. Yana ganin ƙafar mutumin tana ɗan rawa don gajiya. Ya san in ya gama share hanya, Abba zai fita da 'yarsa, shi ke nan. Kansa a sunkuye, ya ji bakinsa ya buɗe.

"Abba, na daɗe ina son barin ɗakin nan. Ko jiya ina so. Na gode da aikin da ka nema mini. Amma ba zan bar shi ba. Yau da safe ya gwada yi ba ni, ga abin da ka tarar. In na ce maka zan fito don ka ba ni ita, ƙarya na yi, zuciyata tana nan. Ita kuma ina son ta. Ban iya faɗa ba ne. Duk abin da Umma ta ce a yi saboda dalma, zan yi. A gwada jinina. Ba zan kai kayan aiki gida ba. Iyakar abin da nake da shi ke nan."

Kawu ya juya fuskarsa bango.

Abba ya dubi 'yarsa, gwiwoyinta sun yi baƙi, hannunta cike da haruffa, ba ta sauke ido ba. Ya dubi tsohon. Ya dubi ƙeyar da ke gabansa.

"An ce mini ba ka magana."

"Yau ya fasa asusu," in ji Kawu, yana share hanci.

Abba ya yi ajiyar zuciya. "Na fasa muku ɗaya?"

Shiru ya ɗaga ƙafar takalmin a hankali, ya zaro harafin, ya duba. "Ya mutu."

"Allah ya ba ku haƙuri." Abba ya nuna bango. "Bangon can mai fuskantar titi, a fasa shi a sa taga ta mutane. Ba zan zo gaida jikokina ina shaƙar kananzir ba. Jini kuma uwarta ce za ta ɗiba da hannunta. In ta ce lafiya, ka turo manyanka."

"Shi kaɗai ne, Abba," in ji Shiru, yana duban Kawu.

"Na zo," in ji Kawu. "Tun ɗazu nake zaune."

Malama Gyara ta rufe baki da bayan hannu. Abba ma sai da gefen bakinsa ya motsa.

"Ba a nan ba. A gida, da wanka. Yanzu dai ka fitar da ni, ƙafata ta sage."

Umma ta ɗebi jinin, ba ta tausaya wa hannunsa ba. Sakamako ya fito da ɗan abin da ya sa ta yi faɗa, amma bai kai na hanawa ba. Ta kafa dokokinta, safar hannu, sabulu a bakin ƙofa, ba ci ba sha a shago, har da Kawu. Mai bene ya yi gardama kafin ya yarda a taɓa masa bango. Tsintar haruffa kuwa ta kai su har satin biki.

Aka ɗaura aure da hantsi, mutane kaɗan. Da aka watse, Abba ya kama hannun 'yarsa ya sa a na Shiru.

"Ga ta nan. Tana da gyara, ka yi haƙuri. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Kawu ya lalubo kawunansu, ya dafa su biyun.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku masu jin ƙanku. Kai kuma," ya ɗan ja kunnen Shiru, "kada in ji motsinka a matakala sai an kwana biyu. Na rantse ba zan taɓa ko durowa ɗaya ba."

Da suka rage su biyu a ƙofar sabon ɗakinsu, ta dube shi.

"To, ango, ka ce wani abu."

Shiru ya yi tunani sosai.

"Shigo," in ji shi. "Nan za ki iya jingina da komai."